Yadda ake sassaben zamani: raya itatuwa a gona ba tare da an dasa ko ɗaya ba

Duk wanda ya tashi a karkara ya san sassabe. Bazara na kamawa sai a saɓi gatari da adda, a bi gona ana datse sabara da kalgo da geza har ƙasa, a tara a cinna wuta. Gona ta yi fes, mai ita ya tsaya a bakin iyaka yana jin daɗi, masu wucewa suna cewa wane ba rago ba ne. Baɗi war haka sabarar nan ta dawo daidai inda aka sare ta, a sake sare ta. Shekara talatin ana wannan kokawa, kuma ba kowa ke tsayawa ya tambayi kansa ba: me ya hana ta mutuwa?

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Abin da muke kira ɗan kurmi ko tsiro mara amfani, sau da yawa kan tsohuwar bishiya ce da aka sare tun zamanin kakanni. Gangar jikin ta tafi, amma saiwar tana nan da ranta, ta nutsa ta kai ga laima, ta tara abinci. Kowace shekara tana turo toho ashirin ko talatin, mu kuma muna aske su. Sassaben zamani shi ne ka daina askewa gaba ɗaya, ka zaɓi kaɗan daga cikin tohon ka gyara su, ka bar saiwar ta zuba ƙarfinta a kansu.

Sunan daga ƙasar Maraɗi ya fito, domin a nan aikin ya kafu. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Nijar a 1981 yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM. Ya yi ta renon itatuwa a leda yana rabawa ana dasawa, rana da awaki da gara suna cinye mafi yawansu. A 1983, a kan wata hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen da kyau ya gane bishiya ce ke neman tashi daga kututture. Da farko mutane sun ɗauke shi mahaukaci, don wa zai bar daji a gonarsa da gangan? A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da aka samu sauƙi, mafi yawan manoma suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga bambanci, maƙwabta suka gani a wurinsu, abin ya yi ta yaɗuwa daga gona zuwa gona ba da kuɗin kowa ba. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwama tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ya sake yin itatuwa, wajen bishiya miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar ramukan kama ruwa a gona da ake kira zai, wato tassa.

Ba wai Bature ne ya koya wa Bahaushe barin itace a gona ba. Gawon da ya cika gonakin Magarya da Matamaye da Mirya shaida ne, kuma tarihi ya nuna sarakunan Damagaram sun tsananta hukunci a kan mai sare gawo. Abin da aka yi shi ne tuna mana da abin da muka yar, aka kuma tsara shi yadda kowa zai iya bi.

Fara da zagaya gona, ba gatari a hannu

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kwashe amfanin gona har zuwa bazara, kafin ruwan shuka. Aiki ya yi sauƙi, kuma ciwon da ka yi wa itace ya fi saurin bushewa a rani ba tare da ruɓa ta shige shi ba. Ranar farko kada ka sare komai. Bi gonar daga wannan iyaka zuwa waccan, kana lura da kowane kututture mai toho da kowane ɗan tsiro da ya fito daga iri. In idonka bai saba ba, tafi da dattijo ko dattijuwar da ta san itatuwa. Matan da ke shiga daji neman itace da ganyen miya sun fi yawancin maza sanin wane tsiro ne wane, ko da ganye biyu gare shi.

Za ka yi mamakin yawansu. Gonar da kake rantsuwa ba itace a cikinta sai ka ƙirga kututture ɗari.

Wanne za ka bari?

Nan ne ake daɗewa, kuma ya kamata a daɗe, domin zaɓin da ka yi bana da shi za ka zauna shekaru. Ba wanda zai zaɓa maka. Abin da gidanka ke bukata shi ne ma'auni.

In ka samu gawo, ko ɗan mitsitsi ne, ka riƙe shi kamar ka tsinci kuɗi. Halinsa daban yake da na sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero rana a lokacin da gero ke bukatarta, ganyen da ya zubar ya zama taki daidai lokacin shuka, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun takin zamani. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar maka kashi da fitsari. Duk manomin da ya taɓa yanke gero a gindin gawo ya san damin wurin ya fi nauyi. Wahalarsa ɗaya: yana ƙarami yakan baje a ƙasa kamar tarin ƙaya, in ba a gyara shi an tsayar masa da kai ɗaya ba zai daɗe bai miƙe ba.

Kalgo da sabara su ne suka fi yawa a jigawa, kuma su ne suka fi saurin biyan wahala. Suna tare ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa, shi ya sa kullum gindinsu ya ɗan fi sauran gona tudu da baƙar ƙasa. Kalgo na ba da itacen girki, ɓawonsa igiya, 'ya'yansa abincin dabbobi. Geza ta rumbu ce da kujera. Aduwa ta ba ka 'ya'ya da ƙotar fartanya da allon karatu. Magarya da kurna da kanya da ɗanya na yara ne da kasuwa. Bagaruwa majema na sayen 'ya'yanta. Ƙirya ba ta da sauri, amma turmi da gawayin maƙera daga gare ta suke, kuma ta yi ƙaranci har ya kamata duk wanda ya ga tsironta ya tausaya mata. Kuka da tsamiya ba sai an yi dogon bayani ba. Kabar da ake yanka kullum don tabarma, in aka ƙyale tsakiyar wasu daga ciki, goriba ce za ta tashi.

Darbejiya kam, ra'ayina a bar ta a bakin iyaka ko ƙofar gida. Inuwarta da saiwarta suna danne shuka.

Game da yawa, mai farawa ya nufi kamar bishiya 40 a hekta ɗaya, wato tsakanin kowace da 'yar'uwarta kusan mita 16, taki ashirin na babban mutum. Ba sai sun jeru ba, sai dai in da garmar shanu ko tarakta kake huɗa. A nan ka fifita waɗanda suka faɗo kusan layi ɗaya don kada su hana ka juyawa. In shekara biyu ta wuce ka ga gero bai koka ba, ka ƙara. Akwai manoman da suka wuce ɗari a hekta suna noma lafiya, domin suna aske rassa a kan kari. Ka kuma gauraya iri. Gonar da duk sabara ce ta fi gonar da ba komai, amma ba ta kai mai gawo da kalgo da aduwa da magarya a haɗe ba.

Gyaran kututture

Wasa kayan aikinka tukuna. Adda, ƙaramin gatari, lauje ko zarto, duk wanda ka samu, muddin yana da kaifi. Dakusasshen ƙarfe farfasa itace yake yi, ya bar ƙofar da gara da ruɓa za su shiga.

Tsuguna a gaban kututturen ka buɗa tohon da hannu. Nemi waɗanda suka fi tsawo, suka fi kauri, suka fi miƙewa, ba tabon cuta ko na wuta. Zaɓi uku zuwa biyar. Sauran duka ka datse su daga tushe. Mutane kan tambaya, me ya sa ba za a bar ɗaya tak ba tunda bishiya ɗaya ake so? Dalili biyu ne. Na farko, in akuya ta karya ɗayan nan ko yaro ya sare shi, aikin shekara ya tashi a banza. Na biyu, sauran su ne itacen da za ka riƙa cira kowace shekara kafin babbar ta girma, kuma wanda yake samun abin sawa a murhu daga gonarsa ba ya gajiya da jira. Gawo da kuka da tsamiya, waɗanda ake so su zama manyan bishiyoyi, su ne za ka iya rage su zuwa ɗaya ko biyu tun da wuri.

Sai rassan gefe na waɗanda ka zaɓa. Ka aske na ƙasa, daga gindi zuwa rabin tsawon sandar, ka tsaya nan. Kada ka wuce rabi. A shekarata ta farko zumuɗi ya sa na aske wasu kalgo har sai ɗan tukku a kai, suka yi kyan gani kamar sandunan makiyaya. Iskar farkon damina ta karya wasu, sauran kuma suka tsaya cik ba girma, don ganyen da zai ciyar da su na zubar a ƙasa. Ganye shi ne bakin itace. In ka rage shi da yawa ka sa shi azumin dole.

Yadda ake saran ma akwai ƙa'ida. Ka kama reshen da hannu ɗaya, ka sara daga ƙasa zuwa sama, kusa da jikin sandar amma ba ka ci jikinta ba. In ka saro daga sama, nauyin reshen zai ja ɓawon ya salluɓe har ƙasa, ka yi wa itacen rauni mai tsawo. Kada kuma ka bar dogon guntu yana leƙe, nan ne sabon toho zai sake cunkushewa.

In sandunan sirara ne suna rangaji, ka tattara su ka ɗaure su sako-sako da ɓawon kalgo ko tsumma, su jingina da juna. Ka tuna ka kwance bayan sun yi ƙwari, kada igiyar ta shige jikinsu.

Abin da ka sare kada ka ƙona. Masu kauri a kai gida. Ganye da ƙananan rassa a baje su a kan ƙasa, su tare iska, gara ta ja su ciki ta buɗe ƙasar. Masu ƙaya a kewaye gindin itacen da su, shinge ne kyauta. Daga nan ka ɗaura jan ƙyalle a kan wanda ka gyara. Ƙyallen ba tsafi ba ne, sanarwa ce: wannan itacen yana da mai shi. Yana kuma tuna wa ɗan ƙwadago da mai garma su kauce.

Komawa

Saiwar da ta saba turo toho talatin ba za ta daina don ka ce ta daina ba. Bayan wata biyu zuwa shida za ka tarar sababbi sun fito a gindi. Cire su. Mafi sauƙi ka haɗa da aikin da ka riga ka zo yi: lokacin noman farko, lokacin maimai, da bayan girbi. Suna ɗanye da hannu ma ana fizge su. Kowane zuwa ka ɗaga askin rassan gefe kaɗan yadda tsawon ya ƙaru, kullum kana tsayawa a rabi.

Daga shekara ta biyu ka fara cin moriya. Cikin sanduna biyar ka sare ɗaya, ka bar sabon toho ɗaya ya maye gurbinta. Baɗi ka sare wata. Mafi kyawunsu kuwa kada ka taɓa ta, ita ce bishiyar. A shekara ta uku zuwa ta huɗu za ka fara samun abin da ya isa dirkar rumfa ko sandar danni, abin da dā sai ka saya. Itacen da aka dasa daga leda a wannan shekarun yana nan yana fama da kafa saiwa, in ma ya rayu.

In inuwa ta fara yawa a kan shuka, kafin damina ka rage rassan sama ka ba dabbobi ganyen. Masu cewa itace na tara tsuntsaye ba ƙarya suka yi ba, tsuntsu na sauka. Amma jan-baki in ya taso ba ya tambayar ko gonarka da itace, kuma yawancin masu sauka kullum tsutsa da fara suke ci. Abin da ya fi damun mai jigawa shi ne iskar farkon damina da ke binne tsiron gero da rairayi ko ta yanke shi, a yi shuka sau biyu sau uku. Itatuwa na karya ƙarfin wannan iskar, kuma wannan ne amfanin da manoma suka fi saurin gani.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba

Gaskiyar magana, yankan reshe shi ne ɓangare mai sauƙi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai koya a yini ɗaya. Abin da ke kashe sassaben zamani shi ne ka gyara itace shekara biyu, wata safiya ka tarar an sare shi da dare. In haka ta faru sau biyu, kai da kanka za ka riga ɓarawo sarewa.

Saboda haka tun kafin ka yi nisa ka nemi maƙwabtan gonarka ku fara tare, ko mutum biyar ne. Ku je wurin mai gari da liman a yi maganar a bainar jama'a, a amince cewa itacen da ke gonar mutum nasa ne ko da rani, lokacin da aka saki dabbobi. A garin Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi, abin da ya riƙe aikin shi ne kwamitin sa ido da mutanen gari suka kafa da kansu, da maza da mata da makiyaya a ciki, da dokoki da tarar da kowa ya sani. Sanya makiyaya a ciki ba alfarma ba ce. Su ne ke yawo a gonaki da rani, su suka fi kowa bukatar ganye da 'ya'yan gawo, kuma in an yi doka ba da su ba, a kansu za ta faɗa, rigima ta biyo baya. Ku zauna da arɗo a fayyace: ga yadda za a sassabi reshe don dabba ba tare da an guntule kan itace ba, ga ƙananan da ba a taɓawa, ga burtali a buɗe. Mata ma haka. In ba a tanadi inda za su samu itacen girki a shekarun farko ba, ba a yi adalci ba, kuma dokar ba za ta yi aiki ba. Rassan da ake askewa su fara zuwa gare su, murhu mai tsimin itace kuma yana rage yawan abin da ake nema.

Wuta a hana ta gaba ɗaya. Wanda ya ga dole sai ya ƙona wani abu, ya tara shi nesa da itatuwa.

Sai hukuma. Shekaru da yawa a Nijar doka ta ɗauki itatuwa da dama a matsayin na gwamnati ko a gonar wa suke, manomi na iya shan tara don ya sare reshe a gonarsa. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sassaucin da aka samu daga baya, da dokar daji ta 2004, da kuma dokar da gwamnati ta fitar a 2020 wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin itatuwan da ya raya, suna cikin abin da ya ba mutane ƙwarin gwiwa. A Najeriya harkar daji tana hannun jihohi da ƙananan hukumomi, don haka ku gayyaci malamin daji na yankinku ya zo ya ga aikin tun yana ƙarami, ku ji abin da dokar wurinku ta ce game da sara da sayarwa. Mai gonar aro ko haya kuma ya yi magana da mai ƙasa a gaban shaidu: wa ke da itacen, wa ke da 'ya'yan?

Waya da lissafi

Wayar hannu tana da amfani a nan, amma a matsayin shaida kawai. Zaɓi wuri ɗaya a gonar, ka kafa dutse, kowace shekara a wata ɗaya ka tsaya a kansa ka ɗauki hoto kana fuskantar gefe ɗaya. Rubuta a littafi yawan itatuwan da ka bari da irinsu, da damin da ka samu. Bayan shekara uku hotunan nan za su shawo kan maƙwabcin da dogon bayani bai shawo ba. Mai babbar waya zai iya buɗe Google Earth ya ga garinsu daga sama, har ma da hotunan shekarun baya.

In itatuwa suka yi yawa, wata rana za a zo muku da na'urar auna fili da takarda, a ce za a biya ku kuɗin iskar da itatuwanku ke tsotsewa. Harkar akwai ta da gaske, wasu garuruwa a Afirka sun amfana, irin su Humbo a Habasha. Amma kada a sa hannu sai an karanta muku takardar da Hausa a gaban jama'a: shekara nawa za ta ɗaure ku, za ta hana ku saran da kuka saba, nawa ne kuɗin, ta hannun wa zai biyo, kuma taswirar gonakinku da sunayenku da aka kwasa wa zai riƙe su.

In gonar ba kututture

Akwai filin da tarakta ta tumɓuke komai, ko faƙon da ya yi tauri kamar daɓe, ruwa na sauka ya gudu. A nan sai an fara da kama ruwa. Da rani a haƙa tassa, ramuka masu faɗin kamar taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zurfin kusan taƙi ɗaya, tsakaninsu taki guda. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Kowane rami a zuba masa takin gida cikin tafi biyu, a ɗan rufe da ƙasa. Inda gangaren ya fi faɗi a yi rabin-wata, wato babban rami mai siffar rabin wata, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa. Ruwa na sauka a shuka gero ko dawa a ciki.

Takin awaki da na shanu cike yake da irin gawo da bagaruwa da magarya, waɗanda cikin dabba ya riga ya tausasa musu ɓawo. Za su tsiro a ramin tare da geron. Lokacin noma ka gargaɗi duk mai riƙe da fartanya ya duba kafin ya sara, ka kafa ɗan tsinke kusa da kowane tsiro, bayan girbi ka kewaye shi da ƙaya. Waɗannan ba su da tsohuwar saiwar da za ta tura su, don haka kada ka sa musu wuƙa a shekarar farko. Sai sun kai gwiwa ko sun wuce, sannan ka fara cire rassan ƙasa ɗaya ko biyu.